Daga Norfolk Zuwa Beaufort a Jirgin Ƙyalle, Cikin Tsakiyar Hunturu

A gabashin Amurka akwai wata hanyar ruwa da ke bin gaɓar teku ta cikin ƙasa, sunanta Intracoastal Waterway. Ba kogi ɗaya ba ne. Koguna ne da fadamu da manyan tafkuna, aka haƙa mashigai aka haɗe su, yadda ƙaramin jirgi zai tashi daga Norfolk a jihar Bajiniya ya gangara har Miami, tafiyar mil 1,090 ko kusa da haka, bai leƙa tsakiyar Atlantika ba. Masu jiragen ƙyalle da ke gudun sanyin arewa sukan bi ta a watan Oktoba da Nuwamba, ayari bayan ayari, idan lokacin guguwar teku ya fara ja da baya. Mu sai ƙarshen Disamba muka kwance igiya. Ayari ya daɗe da wucewa, yawancin tashoshin hanya ma sun rufe famfunansu don kada ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi.

Mai jirgin wani dattijo ne Ba'amurke da muka yi aiki wuri ɗaya kafin ya yi ritaya. Shi ya koya mini tuƙi a ruwan Chesapeake, a ranakun hutu na lokacin zafi. Kowa Kyaftin yake ce masa, ni ma haka. Gyaran inji ne ya riƙe shi har sanyi ya shigo, ga matarsa ba za ta samu fitowa ba sai bayan sabuwar shekara, inda za ta same shi a garin Beaufort na Karolina ta Arewa. Tsakanin Norfolk da can mil 200 ne da 'yan kai, kuma ba tafiyar mutum ɗaya ba ce a wannan lokaci. Ya tuntuɓe ni, ina da hutun ƙarshen shekara, na amsa masa.

Wani zai ce me ya hana mu fita teku mu yanke hanya. Hatteras ya hana. Wani tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin Atlantika, yashi ya miƙe daga bakinsa mil da yawa a ƙarƙashin ruwa, kuma a nan ne ruwan ɗumi na Gulf Stream mai haurawa arewa yake matsowa kusa da gaɓa. Idan iskar arewa ta buso ta yi karo da ruwan nan, teku kan miƙe tsaye. Jiragen da suka hallaka a wurin sun yi yawan da ake kiransa maƙabartar Atlantika. Da hunturu kuwa iskar arewa ba ta daɗewa ba ta dawo ba.

Jirgin namu tsawonsa ƙafa 36, ƙarfen ƙasansa yana nutsewa ƙafa 5 a ruwa, sandar ƙyallen ta ɗan haura ƙafa 50. Lambobi biyun ƙarshe su ne ke ranka koyaushe a wannan hanya. Gadojin da ba sa buɗewa an gina su ƙafa 65 sama da ruwa, mashigin kuma an tsara zurfinsa ya kai ƙafa 12, sai dai a wurare da dama yashi da laka sun cike shi sun rage.

Tun kafin in haɗa jaka Kyaftin ya kira ni ya ce kada in kawo kayan auduga ko ɗaya. Auduga idan ta jiƙe, ko da gumin jikinka ne, ba ta bushewa, sai ta koma tana zuƙe ɗumin jiki. Ulu na ɗauko da rigunan ciki na roba, da safar hannu iri biyu: masu kauri don riƙe sitiyari, da na roba irin na masunta masu gashi a ciki don taɓa igiya da sarƙa. Uwargida ta haɗa mini dambun nama da garin kunu da citta da kanumfari. Muka cika tankin ruwa, muka ƙara da jarkoki. Kyaftin ya tabbatar gas ɗin girkin furofen ne, domin butan ba ya tashi daga tukunya idan sanyi ya kai sifili. Abu na ƙarshe da ya yi kafin mu tashi shi ne sa sabon batir a na'urar da ke kuka idan gubar hayaƙi ta taru a ɗaki.

Alamar mil sifili, inda ake fara ƙirga milolin hanyar, tana cikin kogin Elizabeth, tsakanin Norfolk da Portsmouth. Tafiyar farko duk ta cikin ƙarfe ce: jiragen yaƙi masu ruwan toka a wuraren gyara, injunan ɗaga kaya, gadojin jirgin ƙasa. A Norfolk ne sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya yake, kwale-kwalen masu gadi kuma idonsu na kanka, ba a matsawa kusa da jiragen. Duk gadar da ke buɗewa sai ka kira mai tsaronta a oba-oba, tasha ta 13, ka faɗi sunan gadar da sunan jirginka, ka nemi a ba ka hanya. Zai ce maka, "Ina kwana Kyaftin, matso kusa, da ƙarfe tara zan buɗe." Jiran nan ne ya fara nuna mini irin sanyin da ke gabanmu. Jirgin ruwa ba shi da birki, dole ka riƙe shi wuri ɗaya da inji, gaba kaɗan, baya kaɗan, iska na tura goshinsa gefe, kai kuma kana tsaye ba motsi, sanyi na haurowa ta tafin ƙafa.

Wajen mil na 7 hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce mashigin Dismal Swamp, mai tsawon mil 22, wanda aka fara haƙawa a 1793 aka buɗe a 1805. Bayi 'yan asalin Afirka ne suka haƙa shi da hannu, tsaye cikin ruwa da laka, kuma fadamar da ke gefensa ta zama maɓoyar waɗanda suka tsere daga bauta, wasu suka zauna a ciki shekaru har suka hayayyafa. Na so ƙwarai mu bi ta nan. Amma zurfinsa bai wuce ƙafa 6 ba, akwai kututture a ƙasa, ƙofofin ruwansa biyu kuma sau kaɗan ake buɗe su a yini. Muka wuce bakin mashigin ina kallonsa, cikin riguna rututu a jikina, ina tunanin mutanen da suka yi hunturu a cikin ruwan nan babu ko takalmi. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya saka wa duk wanda aka zalunta.

Ɗaya hanyar ta kai mu ƙofar ruwa ta Great Bridge. Wani dogon akwati ne na kankare mai ƙofa gaba da baya. Ka shiga, ma'aikaci ya miƙo sanda mai ƙugiya ya karɓi igiyarka ya rataya a turke, a rufe ƙofar baya, ruwa ya ɗan tashi ko ya sauka, a buɗe ta gaba. Bambancin bai fi ƙafa ɗaya zuwa biyu ba, domin babban aikin ƙofar shi ne hana ruwan gishiri na Elizabeth gangarawa cikin ruwan daɗi da ke kudu. A Oktoba jirage kan cika akwatin maƙil. Ranar mu kaɗai ne. Muka kwana a kwatar kyauta da ke gefen gadar garin, washegari muka kama hanyar Coinjock.

Lissafin kowace rana ɗaya ne, kuma rana ce ke yanke shi. A ƙarshen Disamba a wannan yanki tana fitowa bayan ƙarfe 7 na safe, kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi. Jirgin yana cin mil 6 a awa idan komai lafiya. Cire jiran gadoji, cire awa guda da kake so ta rage a hannunka don neman wurin kwana da ido, abin da ya saura bai wuce mil 45 ba. Ba a tafiyar dare a nan. Alamomin hanya turaku ne da aka kafa cikin ruwa, masu jan allo mai kusurwa uku a damanka idan ka nufi kudu, masu koren allo mai kusurwa huɗu a hagu, kowanne da ɗan tambarin rawaya mai nuna na wannan hanya ne. Da yawansu ba su da fitila. Tsakanin Great Bridge da Coinjock, ta tafkin Currituck, iskar arewa ta kwana tana kora ruwa kudu, har laka ta bayyana a gefe. Idona bai bar na'urar auna zurfi ba. Daga turke zuwa turke nake tuƙi, ina waiwayen wanda na bari a baya, domin iska kan zame da jirgi gefe alhali goshinsa na kallon daidai.

A Coinjock, mil na 50, muka tsaya jira. Doguwar kwata ce ta katako a gefen mashigi, akwai wutar lantarki, saboda haka muka jona hita muka ji daɗin ɗaki. Abin da muke jira shi ne wucewar iska. Sanyin yankin yana zuwa ne zango-zango, kuma tsarinsa ba ya canzawa sosai. Da farko iska ta koma kudu maso yamma, gari ya yi ɗumi-ɗumi, hadari ya haɗu, a yi ruwa. Sai farat ɗaya ta juya arewa maso yamma da ƙarfi, sama ta washe tas, sanyi ya sauko. Daga nan ta zagaya arewa, ta koma arewa maso gabas tana raguwa. Muryar hukumar yanayi ta NOAA tana karanto wannan a oba-oba dare da rana, mu kuma muna saurare safe da yamma, Kyaftin na rubutawa a littafin jirgi. A gabanmu akwai tafkin Albemarle, kuma ba ya son mu shige shi sai iskar ta wuce ganiyarta. Wani jirgin inji ya iso ya kwana kusa da mu ya wuce da sassafe cikin iskar. Kyaftin ya bi shi da kallo ya ce, "Shi yana da inji biyu da ɗakin tuƙi mai gilashi. Mu a waje muke zaune." Na ga gaskiyarsa a lokacin, kuma har yau ina ganinta.

Safiyar da muka tashi, ma'aunin sanyi ya nuna digiri 5 ƙasa da sifili. Na ɗaga murfin ƙofa na tarar da saman jirgin fari fat. Raɓa ta daskare a kan komai, kwatar katakon ma tana ƙyalli. Wannan ƙanƙarar da ba ta kai kaurin farce ba ita ce abin tsoro na gaske a tafiyar, fiye da igiyar ruwa. Saman jirgi a karkace yake, ruwa na gefe, taku ɗaya ya isa. A bakin teku masunta kan ɗebo ruwan gishiri su watsa ya narkar da ita, amma ruwan Coinjock kusan na daɗi ne, in ka watsa ƙara mata kauri za ka yi. Don haka da rarrafe na je goshin jirgi, hannu ɗaya a kan ƙarfen riƙo, rigar ceto a jikina. Igiyoyin da muka ɗaure jirgin da su sun sandare, an kasa kwance ƙullin. Sai da na koma na ɗauko butar ruwan zafi na tsiyaya a kan kowane ƙulli, ya saki, na kwance da sauri kafin ya sake kamawa. Igiyar ta ƙi naɗuwa, haka na ajiye ta a miƙe. Injin ma sai da aka ɗumama shi ya yi tari kafin ya kama, sannan Kyaftin ya leƙa bayan jirgi ya ga ruwan sanyaya inji na fita ta bututun hayaƙi, alamar babu ƙanƙarar da ta toshe hanyarsa.

Albemarle faɗinsa inda ake ƙetarawa kamar mil 15 ne, zurfinsa kuma bai kai ƙafa 20 ba a yawancin wurare. Rashin zurfin ne ke sa igiyar ruwansa gajeru, a tsaye, suna bin juna kusa da kusa. Iskar ta rage, tana bayanmu, muka warware ƙyallen gaba kawai muka bar inji na aiki a hankali. Jirgin ya ɗauki gudu. Da muka yi nisa da gaɓar arewa igiyoyin suka girma, kowace ta ɗaga bayan jirgin ta karkata shi, sai ka tare da sitiyari kafin ta gama, ka saki, ka jira ta gaba. Feshin da ya fallatso kan rigata ya daskare ya zama ɓawo. Muka raba tuƙi rabin awa rabin awa. Wanda ya sauka ya shige ƙarƙashin rumfar ƙofa, ya sha shayin citta daga filas, ya cusa hannuwa a hammata.

Kowane canji Kyaftin zai ce, "Nuna mini hannunka." Sai in cire safa in taɓa babban yatsa da ƙaramin yatsa. In sun haɗu ba wahala, to. In sun ƙi, sanyi ya fara cin ƙarfin hannun, dole a sauka ciki a ɗumama. Ni ma haka nake sa shi ya yi, bai taɓa musu ba. Mutumin da sanyi ya fara kamawa ba ya sanin ya kama shi: magana ta yi nauyi, tunani ya yi jinkiri, ya ce lafiyarsa lau. Kowannenmu kuma ɗaure yake da igiya daga ƙirjinsa zuwa wani zobe a jikin jirgi. Ruwan da ke ƙarƙashinmu bai wuce digiri 6 ko 7 ba. Masu koyar da ceto suna cewa wanda ya faɗa irinsa yana da kamar minti ɗaya na kokawa da numfashi, sannan kamar minti goma kafin hannu da ƙafa su daina yi masa biyayya. Dattijo mai shekara saba'in ba zai iya juyo da jirgi shi kaɗai ya ciro ƙato da jiƙaƙƙun kaya cikin minti goma ba, ni ma da ƙyar in iya ciro shi. Mun yi wannan magana a fili tun a Norfolk, shi ya sa ba wanda ya ga ɗaurin a matsayin takura.

Bakin kogin Alligator yana da yashi da ke matsawa, a nan igiyoyin suka fi tsayi, kuma a nan hanya ke lanƙwasa. Muka naɗe ƙyalle, muka bi turakun da ido, ba layin da ke kan taswirar na'ura ba, domin ana matsar da alamomin idan yashi ya matsa. Gadar kogin, a mil na 84, irin mai juyawa ce a kan ƙafarta ta tsakiya, kuma ba a buɗe ta idan iska ta yi tsanani. Wannan ma yana cikin dalilan jiranmu a Coinjock: ka ƙetare tafkin da wahala ka tarar da gada a rufe, ba wurin fakewa. Ta buɗe mana, muka gode wa mai tsaronta, ya yi mana fatan isa lafiya.

A ƙarshen kogin, kafin bakin mashigi na gaba, muka nemi wurin kwana. Babu gari, babu fitila, wayar hannu ma da ƙyar take kamawa. Daji ne na fadama da aka keɓe wa namun daji, akwai baƙaƙen beyar a ciki, a nan kuma aka sake sakin jan kyarkeci a 1987 bayan ya ƙare a daji. Muka zagaya a hankali muna duba zurfi, muka zaɓi inda itatuwa suka tare iskar arewa. Na saki anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, na bar sarƙa ta bi ta har ninki bakwai na zurfin ruwan, Kyaftin ya ja da baya da inji har sarƙar ta miƙe ta tsaya cak. Na ɗora hannu a kanta. In anka tana jan ƙasa za ka ji sarƙar na karkarwa, in ta kama za ka ji shiru. Ta kama. Mun ɗaura mata wata siririyar igiya da gora mai yawo a saman ruwa, saboda ƙasan wurin cike yake da kututturan itatuwa, in ta maƙale a samu ta inda za a fizgo ta ta baya.

Dare a kan anka ba lantarkin kwata, sai ƙaramar hita ta gas. Dokar Kyaftin a kanta ba ta da sassauci: tana ci, taga ɗaya a buɗe take ɗan yatsa biyu, kuma kafin kowa ya kwanta an kashe ta an rufe tukunyar gas daga waje. Duk wanda ya taso a Najeriya ya san labarin iyalin da suka shigar da janareta ɗaki, ko suka kwana da gawayi a rufe, aka wayi gari babu su. Gubar ɗaya ce, ba ta da wari, ɗakin jirgi kuma ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta. Tagar tana da wani amfanin. Numfashinmu da tururin girki da gas ɗin da ke ci duk ruwa suke zubawa a iska, ruwan ya kwanta a jikin bango mai sanyi, ya taru a ƙarfen taga yana ɗiga a kan bargo. Ƙasan katifa kan jiƙe sharkaf. Kowace safiya sai mun jingine katifu a tsaye mun goge bango da tsumma. Wanda ya toshe ko'ina don gudun sanyi, cikin jiƙaƙƙen ɗaki zai kwana, kuma jiƙaƙƙen ɗaki ya fi busasshe sanyi.

Alwala da ruwan filas nake yi, in surka shi, in tsuguna a bakin matakala. Daga wannan yanki alƙibla tana arewa maso gabas, kamfas ɗin jirgi na gabana, amma jirgin da ke kan anka yana lilo da iska, sai in duba sau biyu kafin in tayar. Tsakanin tebur da kujera akwai wurin da ya ishi mutum ɗaya sujada. Ina ƙasaru, kuma hakan ya sauƙaƙa mini ƙwarai, musamman a ranakun da ba a iya barin sitiyari. Kyaftin ya riƙe lokutan da kansa. In azahar ta yi zai ce, "Je ka, na riƙe." Bayan isha'i mukan dama kunu mu ci da dambu, wanda ya karɓe shi hannu bibbiyu, sannan kowa ya cika gorar roba da ruwan zafi ya tura ƙasan bargo. Kafin asuba ruwan da ya rage a kofi ya yi fatar ƙanƙara a cikin ɗakin.

Ɗaga anka da safe aiki ne mai cin rai. Sarƙar kan fito da baƙar laka mai danƙo, dole a wanke ta gaɓa-gaɓa da bokiti kafin ta shiga ramin ajiya, ruwan wankin kuma yana daskarewa a inda kake durƙushe. Ana yi ana jin harbin mafarautan agwagwa daga bukkokinsu na cikin ruwa.

Mashigin da ya haɗa Alligator da kogin Pungo ya haura mil 20, miƙaƙƙe, matsattse, gefensa duk kututture da itatuwan da suka faɗi. Ruwansa ja ne mai duhu saboda jiƙon ganye da saiwa. A inuwar gefe akwai siririyar ƙanƙara, igiyar da muka tayar tana isa gare ta tana farfasa ta da ƙara. A tsakiyar mashigin oba-oba ta yi magana: jirgin turi ne yana tahowa daga kudu da ƙaton kwale-kwalen dakon kaya a gabansa. Irin waɗannan ba sa hutun hunturu, ba sa iya tsayawa nan take, kuma tsakiyar hanya tasu ce domin nan ne kawai zurfin ya ishe su. Kyaftin ya amsa, ya faɗi inda muke, ya tambayi matuƙin ta wane gefe yake so mu wuce. Suka daidaita hagu da hagu. Ni ke riƙe da sitiyari. Na rage gudu na matsa dama, na'ura na nuna ƙafa 9, 8, 7, ga kututture ina gani kusa da mu. Bangon ƙarfe mai tsatsa ya zo ya tare mana rabin sama, kusa har ina karanta lambobin da ke jikinsa. Da ya zo daidai da mu ruwa ya zuƙe daga gefen mashigin, na ji jirginmu na son bin sa, na riƙe. Sai jirgin turin kansa ya wuce, farfelarsa na tafasa ruwa, ta girgiza mu, ta taso da guntayen itace daga ƙasa. Matuƙin ya ɗaga mana hannu ta taga. Mun daɗe muna tafiya a hankali bayan nan muna kauce wa abin da ya taso. Kusa da ƙarshen mashigin akwai gadar Wilkerson, wadda ta gaza sauran da ƙafa ɗaya, masu dogayen sanduna kan wuce ta da fargaba. Tamu ta wuce da sarari.

A kogin Pungo muka tarar da baƙin hunturu: manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya da ke saukowa daga can arewacin Kanada da Alaska, dubbai, a kan ruwa da gonakin gefe, kukansu na tashi tun daga nesa. Masu wucewa a Oktoba ba sa samun su da yawa haka. Muka tsaya Belhaven muka sha man dizal, muka ɗebi ruwa da jarka daga famfon cikin gini tunda na kwata a rufe yake. Muka ƙetare kogin Pamlico, muka bi ta Hobucken inda jiragen masu kamun jatan lande ke jere.

Kogin Neuse ne ya biya mu. Faɗinsa kusa da baki mil da yawa ne, iskar ta sauko daidai, daga arewa maso yamma, sama babu gajimare ko ɗaya. Muka ɗaga babban ƙyalle, muka warware na gaba, Kyaftin ya kashe inji. Tun Norfolk ƙarar dizal ke kunnena, sai ga shi babu komai sai ruwa na tsagewa a goshin jirgi. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, tana cika ƙyalle da ƙarfi fiye da yadda ma'auni ke nunawa, saboda haka muka rage girman babban tun da wuri. Jirgin ya jingina ya miƙe. Duk faɗin kogin babu wani ƙyalle sai namu. Har yanzu safa biyu ne a hannuna, hancina na zuba, amma da lokacin canji ya yi na roƙi Kyaftin ya bar mini tuƙin, ya duba hannuna, ya bar mini.

Oriental, wajen mil na 182, ƙaramin gari ne da jiragensa suka fi mutanensa yawa, kuma ya samo sunansa daga wani jirgi da ya nutse a gaɓar yankin a 1862. Mun samu wuri a kwatar gari ta kyauta, abin da ke wuya a lokacin ayari. Daren sabuwar shekara ne, mutanen garin suka fito da dogon dodonsu na ƙyalle suna zagayawa da shi a bakin ruwa, yara na kaɗa tukwane. Wata tsohuwa da ta ga mun sauko daga jirgi ta tambaye mu ko muna da isasshen bargo, ta ce gidanta na nan kusa in muna son wanka da ruwan zafi.

Daga nan sai mashigin Adams Creek. Tun Great Bridge ba mu ga cikowa da janyewar teku ba, iska ce kawai ke ɗaga ruwa ta sauke. A ƙarshen mashigin teku ta dawo da aikinta, ruwa ya koma kore yana ja, warin gishiri ya taso, dabbobin dolfin suka fito suna numfashi a gefenmu. Shiga kwata a Beaufort sai da muka jira ruwa ya tsaya tsakanin cikowa da janyewa, domin rafin Taylor da ke gaban garin yana ja da ƙarfi. A tsibirin da ke tsallake dawakan daji na kiwo.

Matar Kyaftin ta iso da mota, wadda ni zan koma da ita Bajiniya. Kafin in tafi muka canza matatar mai, muka wanke matatar ruwan inji, muka fitar da katifu rana, na nuna mata yadda muke ɗaure igiyar ƙirji da inda butar narkar da ƙulli take. Suka baje taswira a tebur. Daga Beaufort ana iya fita teku a yanka zuwa Wrightsville Beach, tunda Hatteras ya koma baya, amma tafiyar ta fi hasken yini ɗaya na hunturu tsawo ga jirgi irin nasu, ga NOAA na sanar da wata iskar a tsakiyar mako. Suka zaɓi ciki, ta tafkin Bogue da Swansboro, sannan su kira su ji ko sojojin Camp Lejeune na atisayen harbi, domin idan suna yi akan rufe hanyar na wasu awoyi. Na taya su cika jarkokin ruwa, muka yi sallama a kan kwata, na kama hanyar arewa.